Ranar da Muka Sauke Kunama

Na ga saƙonninku duka, masu zagina da masu yi min addu'a. Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa duk macen da ta bari aikin kwamfuta ya kai ta gidan gem, inda samari ke wasannin talabijin, abin da ya same ta ita ta jawo. Ban ji haushi ba. Da a gefe nake ina karantawa, wataƙila abin da zan faɗa kenan. Amma ku bari in ba ku labarin Asabar ɗin nan yadda ta kasance, sannan ku yanke min hukuncin.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Jawahir. A Rijiyar Lemo aka haife ni, kakanninmu daga Borno suka zo tun Ummata tana goye. Babanmu ya rasu, daga ni sai Umma sai Yaya Abdulƙahhar da ke sayar da yadi a Kwari. Zane nake yi a kwamfuta, katin biki, tambarin shago, irin waɗannan. Waliu kuma, wanda kuka ishe ni da tambayarsa, shi ne mai shafin labaran gem ɗin da ya ba ni aikin gyarawa. Shi ne kuma wanda ya ce min yana so ya turo manyansa gidanmu, ni kuwa na hau wasa da bakin mayafina kamar ban ji ba.

Sai na ɗan koma baya, don ku gane abin da ya jawo jini.

Shafin nan Waliu da abokinsa Dabo suka kafa shi tun suna sakandare, a wani ɗan shagon gem da ke bayan Bata, in ka nufi Sabon Gari. Waliu ke rubutu, sabon gem da ya fito, gasar da za a yi, wa ya lallasa wa a ƙwallo. Dabo shi ya raɗa wa shafin suna Kunama, shi ya zana da hannunsa kunamar da ke goshin shafin da allon shagon, baƙa wuluk mai jan ƙari. Daga baya ya bi wata hanya. Ya tara samari suka fara caca a kan wasanni, daga caca aka koma ƙwacen waya. Suka buga kunamar a riguna, suka manna ta a bayan adaidaita sahu, har ta kai duk wanda ya hango hoton a layi sai ya tura wayarsa cikin aljihu. Shi kuwa Waliu yana nan yana rubuta labaransa ƙarƙashin tambarin da mutane ke gudu. Masu talla suka janye. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa shagon.

Ranar da ya fara nuna min shafin sai da na kare idona da hannu. Baya baƙi, rubutu ja da kore, kanun labarai suna ta walƙiya kamar fitilar gidan biki. Hotuna manya-manya, kafin ɗaya ya buɗe datarka ta ƙare. Abin da ya fi ƙona min rai, duk inda harafi mai lanƙwasa ya zo sai ya koma ɗan akwati. Ka ga an rubuta ƙwallo, amma abin da zai fito maka akwati ne da "wallo".

Na ce, "Waliu, mutanen da ke karanta wannan me suka yi maka?"

Ya yi dariya har yana riƙe ciki. Ina jin tun daga dariyar nan na shiga uku, ban dai sani ba a lokacin.

Na zauna a kan aikin kamar ɗaki nake jerawa. Na kwashe baƙin nan, na sa shuɗi irin na rinin baba, da fari, da ɗan ruwan ɗorawa a wuraren dannawa. Na nemo salon haruffan da ya san Hausa, kowace ƙ da ɗ da ɓ ta tsaya da ƙafarta. Babban labari a sama, sauran a jere a ƙasa, yadda mai ƙaramar waya zai karanta da yatsa ɗaya yana cikin adaidaita. Na rage nauyin hotuna. Suna kuma muka sauya shi zuwa Zauren Gem. Waliu ya so a sa dagin arewa a tambarin, na ce masa hatta mai ruwan leda yana da shi. Na zana ƙofar zaure mai zanko biyu, in ka ƙura mata ido sai ka ga ashe hannun gem ne a kife. Da na tura masa, amsarsa ta daɗe ba ta zo ba.

"Jawahir."

"Na'am."

"Na nuna wa Iya. Ta ce a tambaye ki ko kina cin amala."

Na kifa wayar a kan filo na rufe fuska.

Aka sa Asabar bayan azahar a sauke tsohon allon shago a ɗaga sabo, a buɗe sabon shafin, a yi gasa a nuna ta kai tsaye. Ranar Juma'a da yamma Waliu ya turo min hoton wani saƙo da ya shigo masa.

"Na ji za ku taɓa min kunama. Hannun da ya taɓa ta shi zan cire."

Na rubuta, "Mu ɗaga bikin."

"Haka yake faɗa kullum. Dabo tare muka ci tuwo a kwano ɗaya, ba zai yi ba."

"Waliu, ka gaya wa 'yan sanda."

"In kai ƙarar abokina? Ki kwantar da hankalinki. Wace kala za ki sa gobe?"

Ya kamata in dage. Amma ku da kuka taɓa so kun san yadda tambaya irin wannan ke kwance wa mutum kai.

Da safiyar Asabar ina gaban madubi. Na sa doguwar riga shuɗiya mai ɗinkin zare fari a wuya, don ta dace da shafin, na ɗauko mayafi ruwan madara. Umma tana tsakar gida tana haɗa turaren wuta na sayarwa, ƙamshin hawi da sandal ya cika gidan har cikin akwatina. Laftof ɗina na kan gado a buɗe, ina duba shafin karo na ƙarshe. Sai na ji an banko ƙofar gida. Yaya ba ya dawowa daga Kwari da hantsi, saboda haka tun kafin ya ɗaga labule na san ba lafiya ba.

Ya miƙo min wayarsa dab da hancina. Hoton tallar bikin ne, wanda na haɗa da kaina. A ƙasa, da ƙananan haruffa, na rubuta sunana a matsayin mai zane.

"Karanta min."

"Yaya, aiki ne."

"A layinmu aka nuna min. Yaron shagona ne ya nuna min, yana murmushi. Ƙanwata a allon 'yan daba."

"Ai don a rabu da su ne aka..."

Ban ƙarasa ba. Marin ya sauka a kuncina na hagu, kunnena ya ɗauki ƙara, ɗankunnena ya fice ya gangara ƙarƙashin gado. Kafin in miƙe ya ƙara min wani. Na faɗa jikin madubi, kwalaben humra suka zube, ɗaya ta fashe a ƙafata. Ya sunkuya ya ɗauki laftof ɗin da hannu biyu. Na riƙe masa ƙafa.

"Yaya, don Allah. Don darajar Baba."

Ya kalle ni, ya kalli allon da shuɗin nan ke haske a kai, ya buga shi da bango. Ya ɗauka ya sake bugawa. Maɓallan suka watse a kan leda kamar an zubar da wake.

Umma ta shigo da kasko a hannu, hayaƙi na tashi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba.

"Abdulƙahhar, fita."

"Umma, yarinyar nan..."

"Uban da ya haife ta bai taɓa sa mata hannu ba. Fita."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana huci, ya nuna ni da yatsa. "In na ji ƙafarki ta taka Bata yau, a can zan same ki."

Da ya tafi Umma ta jiƙa tsumma ta ɗora min a kunci. Ta ce, "Kar ki ɗauka yaren yaron ne damuwata. Mahaifiyarsa Risikat tare muka yi islamiyya, na san gidan da ya fito. Wurin ne ba na so. Yau ki zauna."

Na ce to. Wallahi a lokacin da gaske nake. Amma da aka yi kiran azahar na tuna sabon shafin ba zai hau ba sai da ni, don a wayata makullin yake, kuma ban taɓa nuna wa Waliu yadda ake sauyawar ba. Na tuna darare da ranakun da na ƙare a kan aikin nan. Umma na salla na shafa hoda mai kauri a kuncin, na ɗauki takalmina a hannu, na fice.

Shagon ya cika har waje. An share gaba, an yayyafa ruwa, an jera fararen kujerun roba. Ifunanya, wadda ke da shagon buga takardu a maƙwabta, ita ta buga mana allon, tana tsaye tana ba masu tsani umarni da Hausarta ta 'yar Sabon Gari. Waliu ya sa farar shadda da hula shuɗiya. Yana hango ni ya taho yana fara'a, da ya matso fara'ar ta ɗauke.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Ƙofa na buge."

"Ƙofa mai yatsu?"

"Waliu, bari. Mu yi abin da ya kawo mu."

Ya sake duban kuncin. Ya ce a hankali, "Gobe Iya za ta je gidanku. Ba sai wani watan ba."

Na ɗora wayarsa a saman kantar kaya, can sama kusa da silin, na saita ta yadda za ta ɗauko shagon duka har bakin ƙofa. Aka fara nunawa kai tsaye. Masu tsani suka kwance tsohon allon, kunamar ta sauko a karkace, aka jingine ta a gefen kwata. Sabon ya hau. Shuɗin ya sha rana ya yi wani irin kyau da ban gani ba a kwamfuta. Na danna abin da zan danna a wayata, babbar talabijin ɗin shagon ta ɗauke, ta dawo da Zauren Gem. Samari suka yi tafi. Wani ya ce, "Kai, kamar na Turai." Wani ya buɗe a wayarsa ya ce ko ƙiftawa bai yi ba ya buɗe. Na ga kalmar ƙwallo a babban labari, ƙ ɗinta a tsaye ƙyam, na ji hawaye ya cika min ido. Ku yi min dariya in kuna so.

Ba a gama zagayen farko na gasar ba adaidaita biyu suka tsaya a ƙofa.

Abin da na fara gani rigunan ne, baƙaƙe, kowace da kunama a ƙirji. Sai gorori, sai adduna. Waɗanda ke waje suka watse, kujeru suka kife. Na farkon da ya shigo ya fizge wayoyin intanet daga bango, na biyu ya ɗaga gora ya sauke a kan talabijin. Shuɗin ya tsage gida-gida ya mutu. Wani ɗan gasa ya yunƙura zai gudu, aka tare shi da gora a baki, ya durƙushe yana tofar da jini da haƙori. Suka bi na'urorin gem ɗaya bayan ɗaya suna farfasawa. Aiki kawai suke yi.

Dabo ne ya shigo a ƙarshe. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Siriri ne, ba shi da tsayi, idonsa jajur, da wani tsohon tabo da ya raba masa leɓe. Ya shigo rungume da tsohon allon. Ya jingine shi a bango, ya sa hannun rigarsa ya goge ruwan kwatar da ya taɓa kunamar, a hankali, kamar mai goge fuskar yaro.

"Waliu. A kwata ka ajiye ni."

"Dabo, mu fita waje mu yi magana. Akwai mata a nan."

"A ajinmu na zana ta, a bayan littafin lissafi. Kai ka ce ta yi kyau."

"Ta yi kyau. Kai ka ɓata ta."

Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Ya nuna sama da addarsa, wajen sabon allon. "Wa ya zana wancan?"

"Ni."

"Kai ko layi ba ka iya ja ba." Ya juyo ya bi mu da kallo. Ifunanya ta matso ta tare ni da jikinta, wani ya finciko ta ta gashi ya wurgar da ita kan kujeru. Idon Dabo ya tsaya a kan rigata, shuɗiya sak irin allon. "Ke ce Jawahir."

Na ja da baya. Biyu suka riƙe Waliu ta baya. Dabo ya kama hannuna na dama ya shimfiɗa a kan tebur, ya danne wuyan hannun. Tafinsa sanyi ƙalau. Na ga lallen da Umma ta sa min ranar Alhamis, na ga awarwarona ya zame zuwa gwiwar hannu. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ban san ma me nake cewa ba.

"Na faɗa tun jiya," ya ce. "Ba a ce ban faɗa ba."

Ya ɗaga addar.

Ban san yadda Waliu ya ƙwace ba. Na dai ji ƙarar yagewar shadda, sai nauyinsa ya faɗo a kaina, hannunsa a kan nawa. Addar ta sauka. Ƙarar da ta yi ba zan iya kwatanta muku ba, kuma ba na so. Wani abu mai ɗumi ya fesu a fuskata, ya shiga bakina. Waliu bai yi ihu ba, wani numfashi kawai ya ja. Dabo ya zare addar ya sake kai masa a kafaɗa. Farar shaddar ta rine tun daga wuya har ƙugu, muka zube ƙasa tare, ni a ƙasa shi a sama, yana ce min a kunne, "Kar ki tashi. Kar ki tashi."

Ta ƙarƙashin hammatarsa na hango ƙofa, na ga takalmin da na sani.

Yaya ya cika alkawarinsa, ya zo ya same ni a Bata. Na tabbata da niyyar ya ja ni a ƙasa har gida ya taho. Ya tsaya a bakin ƙofar, ya ga jini, ya ga mayafina a ciki. Kusa da tsani akwai guntun rodi da masu ɗaura allo suka bari. Ya sunkuya ya ɗauka.

Na farkon da ya tare shi ya samu a haƙarƙari, ya nannaɗe. Dabo ya juyo da adda, Yaya ya sauke masa rodin a hannu, addar ta yi tsalle ta faɗa bayan kanta. Duka na biyun a gefen kai ya same shi. Dabo ya yi taga-taga ya faɗi a kan tsohon allonsa, ya ɗaga tafin hannu ɗaya sama.

Nan ya kamata a tsaya. Duk wanda ke wurin ya san nan ya kamata a tsaya.

Yaya bai tsaya ba. Ya ɗaga ya sauke, ya ɗaga ya sauke. Hannun da Dabo ya ɗaga ya karye ya faɗi, bai fasa ba. Fuskarsa babu fushi ma, irin fuskar da yake yi ce in yana auna yadi. Na ja jiki daga ƙarƙashin Waliu, na rarrafa cikin gilasai na rungume ƙafarsa, karo na biyu a rana ɗaya.

"Yaya, ya isa. Ina raye. Kalle ni, ina raye."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Sannan rodin ya suɓuce daga hannunsa.

Zuwa lokacin 'yan kasuwa sun taru da sanduna, yaran Dabo suka ɗauke shi suka jefa a adaidaita, ƙafafunsa na lilo a waje. Ifunanya, goshinta a fashe, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure wa Waliu hannu ta ja da haƙori. Yaya ne ya ɗauke shi a kafaɗa ya sa a mota. Bai shiga ba. Ya rufe ƙofar ya juya ya bi cikin mutane.

Kafin mota ta tashi Ifunanya ta cusa min wani abu a cinya. Wayar Waliu ce ta saman kanta.

"Nunawar ta yanke tun da suka cire wayar intanet," ta ce. "Amma ita ba ta daina ɗauka ba. Ni na kashe ta yanzu. Riƙe, kar ki ba kowa sai kin yi tunani."

A asibiti aka shige da shi aka bar ni a benci. Jinin ya bushe a rigata ta yi tauri kamar an sa mata sitati. Iya Risikat ta iso da zani a karkace, takalmi daban-daban. Na miƙe ina jiran mari, don na ga na cancanta. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta juya ta dama da hagu, ta duba hannuna na dama, ta ƙirga yatsun da nata yatsan.

"Naki ne jinin?"

"Nasa ne, Iya."

Ta zauna a ƙasa, a kan siminti, ta ja ni na zauna a jikinta. Da likita ya fito ya ce ran yana nan, an tsayar da jinin. Hannun ne ba zai yi alkawari ba, saran ya taɓa jijiya. Da hannun nan yake rubutu, da shi yake riƙe gem tun yana yaro.

Wani ɗan sanda cikin farin kaya ya zo ya tsaya a kanmu. Ya ce waɗanda suka kalla a shafi sun ga shigowar mutanen kawai, daga nan hoto ya ɗauke, kuma duk 'yan layin sun ce ba su ga komai ba. Ya ce an kai Dabo wani asibitin, ba a san halin da yake ciki ba. Ya tambaya ko akwai wani ɗaukan.

Iya ta matse min hannu. "'Yata, in akwai ki ba su. Ina so a ga wanda ya sare min ɗa."

Wayar tana cikin rigata, tana taɓa fatata. Na ce, "Zan duba, ranka ya daɗe."

Rana ta yi ja na isa gida. A tsakar gida na tarar da Yaya a tsugune gaban famfo, daga shi sai singileti, yana ta cuɗa hannunsa da sabulun wanki, ruwan ya daɗe da yin fari amma bai daina ba. Rigarsa na cikin kaskon Umma tana ci da wuta, warin yadi ya danne ƙamshin turaren. Umma ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ba ta tambaye ni don me na fita ba. Ta taɓa kuncina, ta taɓa wuyana, ta ja ni ɗaki.

Na gaya mata komai, har wayar.

Ta ce, "Yayanki ya fito a ciki?"

"Duka, Umma. Daga farko har ƙarshe."

"Goge shi."

"In na goge, babu shaidar abin da aka yi wa Waliu. Babu mai buɗe baki a layin nan."

"In ba ki goge ba, ɗana zai tafi." Muryarta ta karye, abin da ban taɓa ji ba ko ranar rasuwar Baba. "Na san abin da ya yi miki da safe. Zan rama miki, wallahi zan rama miki. Amma shi kaɗai gare ni namiji. Jawahir, ni na haife ki. Goge shi."

Ta kama hannuna na dama, hannun da Dabo ya so ya sare, ta ɗora yatsana a kan allon wayar. Na tuna Iya a kan siminti. Na kalli furfurar da ta leƙo daga ɗankwalin Umma. Na kasa dannawa, na kasa janyewa.

"Nuna min."

Yaya ne a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya zauna a bakin gadona, ƙafarsa a kan ɓaraguzan laftof ɗin da ba a share ba. Na miƙa masa. Ya fara kallo. Da aka zo inda Waliu ya faɗa kan hannuna, ya tsayar, ya mayar baya, ya sake kallo. Da aka zo nasa, bai kawar da kai ba, Umma ce ta toshe kunnuwa. Ya kalla har inda na rungume masa ƙafa.

"Ya ɗaga hannu," ya ce. "Ban ga ya ɗaga hannu ba."

Ya ɗago ya dube ni.

"Yaron nan, Waliu. Zai tashi?"

"Sun ce zai tashi. Hannun ne ba su sani ba."

Ya ajiye wayar a tafina, ya naɗe yatsuna a kanta da nasa. "Kar ki goge. Umma, ki yafe min. Ɗauko min riga, ni zan kai wa 'yan sanda wayar da kaina."

Umma ta tare ƙofa da jikinta tana girgiza kai. Yana cikin lallashinta tawa wayar ta yi ƙara. Ifunanya ce. Na ɗauka, na ji hayaniya a bayanta, tana magana ƙasa-ƙasa da sauri.

"Jawahir, kina gida? Dabo ya cika. Yanzu aka fito da shi. Yaransa sun cika adaidaita sun bar nan, kuma na ji suna tambayar hanyar Rijiyar Lemo."

Ban kai ga sauke wayar ba na ji murfin ƙarfen shagon Malam mai kayan miya na bakin layinmu ya sauko da ƙarfi, sai na kusa da shi, sai na gaba. Ba a taɓa rufe shagunan nan kafin magariba ba. Yaya ya ɗago kai, shi ma ya ji. Ya zare hannun Umma daga jikin ƙofar a hankali, ya tura mu ciki ni da ita, shi ya tsaya a waje.

"Ku sa sakata," ya ce. "Ko me kuka ji, kar ku buɗe."